Yadda Ake Ziyartar Gidan Tarihin Gari da Ke Cikin Tsohuwar Makaranta

Idan makaranta ta rufe, ko ta ƙaura zuwa sabon wuri, wani lokaci hukuma ko ƙungiyar masu son tarihi ce ke karɓar ginin ta zuba kayan tarihin yankin a ciki. Dalilin a fili yake: ga manyan ɗakuna a jere, ga baranda, ga fili, kuma da wuya a sami gida a garin da ba shi da wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin azuzuwan. Haka aka yi da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 ta koma Kaduna a 1938, haka kuma aka yi da makarantar Scotland Street School ta birnin Gilasgo a Birtaniya, wadda ta yi aiki daga 1906 zuwa 1979.

Mai zuwa irin wannan wuri abu biyu ya zo gani, ko ya sani ko bai sani ba: kayan da aka jera, da ginin da aka jera su a ciki. Baƙo yakan wuce ginin bai ko ɗaga kai ba, ya bi kayan da sauri har ƙafa ta gaji, ya fita da hoto ɗari a waya bai san ko na mene ne ba. Tsarin da ke ƙasa yana cin awa biyu zuwa biyu da rabi, kuma da ginin yake farawa.

Abin da za ka riƙo

- Ƙaramin littafin rubutu mai bango mai tauri, domin a tsaye za ka yi rubutun. Ba a ɗora littafi a kan akwatin gilashi.
- Fensir biyu, HB ko 2B. Wurare da yawa ba sa yarda da biro kusa da kayan tarihi, domin tawada in ta taɓa tsohuwar takarda ko yadi ba ta fita, fensir kuwa ana iya goge shi.
- Waya mai cikakken caji da isasshen wurin ajiye hoto. Tsofaffin gine-gine ba su cika samun soket a inda baƙo zai kai hannu ba.
- Tef ɗin awo na mita 3 ko 5. In babu, ka auna takunka tun a gida: yi taku goma, ka auna, ka raba gida goma. Na babban mutum yakan kama santimita 70 zuwa 75.
- Ƙaramar tocila, don rubutun da aka sassaƙa a jikin bango. Ba a haska ta a kan kayan da ke cikin gilashi.
- Riga mai duhu. Farar riga tana fitowa ɓaro-ɓaro a jikin gilashi ta lalata hoto.
- Takalmi mai shafaffen ƙasa wanda ba ya santsi, da jaka ƙarama. Babbar jakar goyo ita ce ke bugun kaya idan mutum ya juya, shi ya sa ake sa a ajiye ta a ƙofa.
- Kuɗi a hannu tare da canji, da katin shaida. Ƙananan gidajen tarihi ba duka ke da na'urar karɓar kati ba, kuma ɗalibai da tsofaffi kan sami rangwame in sun nuna shaida.

1. Ka tabbatar a buɗe yake kafin ka fita daga gida

A nan aka fi yin asarar tafiya. Gidan tarihin gari ba kamar na babban birni ba ne. Wani ma'aikata biyu ne kacal, wani ma 'yan sa kai ne ke riƙe da shi, suna buɗewa kwana biyu ko uku a mako. Gidajen tarihi da yawa a duniya Litinin suke hutu. Lokacin da ka gani a intanet yana iya zama na shekarun baya da ba wanda ya sabunta, don haka ka buga waya ko ka aika saƙo kwana biyu kafin ranar. Ka tambayi abu biyar: ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa, akwai kuɗin shiga, ana barin ɗaukar hoto, akwai mai zagayawa da baƙi a ranar, sannan ko wata makaranta ta yi alkawarin kawo ɗalibai a wannan lokacin. Tambaya ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin yara arba'in a cikin tsohon aji ba sa barin wurin tsayawa.

In ba a sami lambar waya ba, ka gwada ɗakin karatu na garin ko ofishin da ke kula da al'adu. Su suka fi sanin wanda ke riƙe da makulli. Da safe ya fi, cikin awa ta farko bayan buɗewa, lokacin ma'aikaci bai gaji da amsa tambaya ba. Mai son taro da bayani kyauta kuma ya nufi 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya, wadda ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ke shiryawa tun 1977. Amma ba rana ce ta mai son dubawa a tsanake ba.

2. Ka zo da tambaya ɗaya

A shafin farko na littafinka ka rubuta abu ɗaya da kake son ganowa. Da me mutanen garin suke ci kafin zuwan babbar hanya? Yaushe 'ya'ya mata suka fara shiga makarantar? Wace sana'a ce ta mutu, me ya kashe ta? Ko wace ce, ita za ta zaɓa maka inda za ka tsaya. Wanda ya shiga ba tambaya, komai daidai yake a idonsa, kuma wanda komai daidai yake a idonsa ba ya tuna komai.

3. Zagaya ginin daga waje tukuna

Minti goma sha biyar zuwa ashirin, kafin ka taka ƙofa. Ka tsaya nesa kaɗan inda za ka ga fuskar ginin gaba ɗaya, ka ɗauki hoto ɗaya, sannan ka zagaya shi duka in akwai hanya.

Abin farko da za ka nema shi ne shekara. Takan kasance a saman babbar ƙofa, ko a kan dutsen aza harsashi can ƙasa kusa da kusurwa, tare da sunan wanda ya aza shi. In rubutun ya shafe, kada ka goge shi da hannu ko ka bi shi da alli. Ka kwantar da tocila a jikin bangon ta gefe, hasken ya bi fuskar dutsen a kwance. Inuwa za ta cika ramin haruffan su fito. Ka kuma lura: shekarar aza harsashi ba lallai ita ce shekarar buɗewa ba, kuma makarantar tana iya girmar ginin da shekaru masu yawa, in a wani wuri ta fara.

Sai ƙofofi. Ka ƙirga su, har da waɗanda aka toshe. Tsofaffin makarantu da yawa suna da ƙofar maza daban, ta mata daban, wani lokacin da ta ƙananan yara. A ta Gilasgo ɗin nan haka aka tsara, kowane rukuni da mashigarsa. Ƙofar da aka toshe ana gane ta da bulo ko yaɓen da launinsa ya bambanta, ko da matakalar da ta hau ta ƙare a jikin bango.

Daga nan ka nemi inda aka yi ƙari. Makaranta tana girma ne da yawan yara, aji bayan aji, kuma kowane ƙari yakan bar tabo: layi miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa inda sabon bango ya haɗu da tsoho ba tare da tubalan sun sarƙe ba, rufin da ya canza tsayi, tagar da girmanta ko ƙarfenta ya sha bamban da na 'yan'uwanta. Ka zana siffar ginin a littafinka yadda tsuntsu zai gan shi daga sama, ka sa lamba 1 a ɓangaren da kake zaton ya fi tsufa, 2 a mai bi masa. Ko ka yi kuskure ba laifi, za ka gyara a ciki.

Kada ka raina bayan gini. A can ake samun wurin da aka rataye ƙararrawa, gurbin tsofaffin banɗakuna, rijiya ko tankin ruwa, gidan shugaban makaranta, da sunayen da yara suka ƙwarzana a bango, wasu har da shekara. Wani ginin ma ba makaranta ba ne tun asali. Ragged School Museum da ke gabashin Landan rumbunan ajiye kaya ne na bakin magudanar jiragen ruwa. A 1877 aka mai da su makarantar 'ya'yan talakawa, ta rufe a 1908, sai a 1990 wurin ya zama gidan tarihi. In ka ga ƙofa mai faɗin da ya wuce buƙatar yara, ko ƙofa a bene da ke buɗewa ga sarari, ka yi zargin irin wannan.

Gargaɗi: kada ka jingina da tsohon shinge ko ka hau matakalar waje da aka ɗaure da igiya. Ba don ado aka ɗaure ta ba.

4. A teburin karɓar baƙi

Ka yi sallama, ka gaisa, ka biya in ana biya, ka karɓi rasit. Ka sake tambayar dokar hoto ko da an faɗa maka a waya, domin wani ɗakin yana da tasa dokar, musamman inda aka ajiye kayan aro. Ka faɗa wa ma'aikacin tambayar da ka zo da ita. Wannan jimla ɗaya takan canza ziyarar gaba ɗaya: a ƙaramin gidan tarihi, mai sayar da tikiti sau da yawa shi ne ya jera kayan da hannunsa, wani lokacin ma tsohon ɗalibin makarantar ne.

In akwai mai zagayawa da baƙi, ka roƙi ya ba ka minti goma sha biyar kai kaɗai tukuna. In babu, ka nemi takardar taswirar ɗakuna. In ita ma babu, zanen da ka fara a waje ya wadatar.

5. Zagayen farko: da sauri, ba karatu

Ka bi dukan ɗakunan cikin kwata ɗaya na awa, ba tare da karanta bayani ko ɗaukar hoto ba. A zanenka ka rubuta kalma ɗaya a kowane ɗaki: noma, sutura, hotuna, yaƙi, aji. Ka sa alama a kan abin da ya ja idonka. Amfanin wannan shi ne, hankalin mai kallo yana fara dushewa bayan kimanin rabin awa, kuma wanda ya fara karanta kowace takarda tun daga ɗakin farko yakan isa ɗakin da ya fi daraja a gajiye. Ka lura da yadda aka jera: bisa zamani ne, daga da zuwa yanzu, ko bisa fanni? A tsohuwar makaranta an fi jerawa bisa fanni, aji ɗaya fanni ɗaya, domin bangon azuzuwan ne ya yanke hukunci, ba mai jerawa ba.

6. Karanta ɗaki ɗaya a matsayinsa na aji

Zaɓi ɗakin da aka fi barin sa yadda yake, ka tsaya a tsakiya, ka manta da akwatunan gilashi na ɗan lokaci.

Fara da gano inda allo yake. Ko an fente bangon, za ka ga shacin murabba'i, ko ramukan ƙusoshi a jere, ko ɗan dakalin da malami ke tsayawa. Ka fuskanci wurin kamar ɗalibi, ka duba ta ina manyan tagogi suke. A mafi yawan makarantun da aka tsara da gangan, ta hagu suke, don kada inuwar hannun dama ta faɗo a kan abin da yaro ke rubutawa. Ramin kurtun tawada a tsofaffin tebura kuwa a dama yake. Ba a yi lissafin bahago ba ko kaɗan. Ka auna tsayin gindin taga daga ƙasa. In ya fi ƙarfin idon yaron da ke zaune, da gangan ne: haske ya shigo, kallon waje kuma babu. Rufi mai tsayi da ƙananan ramukan iska a sama ko a ƙasan bango don numfashin yara masu yawa aka yi su.

Yanzu ka auna tsawo da faɗin ɗakin, da tef in an yarda, ko da taku. A ce ka sami mita 8 da mita 6, murabba'in mita 48 ke nan. A Ingila ta ƙarshen ƙarni na 19, abin da ake ƙiyasta wa kowane yaro bai kai murabba'in mita ɗaya ba, wato ɗaki irin wannan zai ɗauki yara hamsin da ɗoriya. Ka riƙe lissafinka, ka gwada shi da hoton aji ko rajistar da za ka gani nan gaba.

Ka dubi ƙasa: layukan ramukan da aka ɗaure ƙafafun benci da su suna nuna yawan sahu. Ka dubi dokin ƙofa da matakala, inda ƙafafu suka cinye tsakiya. Ƙugiyoyin rataye kaya da aka kafa ƙasa-ƙasa, da matakala mai gajerun hawa, suna gaya maka ajin ƙanana ne.

Za ka ga an rufe waɗannan manyan tagogi da labule ko an shafa musu wani abu, ɗakin ya yi duhu-duhu. Ba rowar wuta ba ce, kuma kada ka ɗaga labulen. Abin da ya sa ginin ya yi kyau da karatu shi ne ya sa yake cutar kayan tarihi. Haske yana koɗar da rini, yana gasa takarda ta yi ja ta riƙa karyewa, kuma ɓarnar taruwa take kullum, ba ta komawa baya. Masu adana kaya suna auna haske da ma'aunin da ake kira luks: takarda, yadi da zanen fentin ruwa ana so a tsayar da su a wajen 50, zanen fentin mai a wajen 200, alhali hasken da ke shigowa ta buɗaɗɗiyar taga da rana yana kai dubbai. Ka ba idonka minti biyu ya saba. Ƙananan ƙunshin ƙwayoyi da kake gani a kusurwar akwati na tsotse danshi ne, ƙaramar na'ura mai lambobi kuma tana auna shi. Ana neman ya zauna tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, domin in ya yi yawa fumfuna da tsatsa su taso, in ya yi ƙasa itace da fata su tsage.

7. Zagaye na biyu: abu biyar kawai

Ka koma kan alamomin da ka sa, ka zaɓi biyar, bakwai in sun yi yawa. Wani bincike da aka buga a 2001 kan masu ziyartar gidan adana zane-zane na Metropolitan da ke New York ya nuna matsakaicin tsayuwarsu gaban zane bai kai rabin minti ba. Kai ka ba kowane abu minti biyar, a kan wannan tsari:

a. Ka dubi abin kafin takardar bayaninsa. Da me aka yi shi? Da hannu ko da inji? Ina ya cinye, ina aka yi masa gyara? Wurin da ya yi santsi shi ne wurin da hannu ke kamawa, gyara kuma shaida ce cewa mai shi bai da halin sayen sabo, ko ba a samun sa a kusa.

b. Ka yi masa ɗan zane, ko ba ka iya zane ba. Zane ne ke tilasta wa ido ya ƙirga abin da hoto ke barin sa ya tsallake.

c. Sannan ka karanta bayanin. Ka raba abin da aka tabbatar da abin da aka yi zato. "Kimanin 1920" ko "an ce na wane ne" ba ɗaya suke da shekarar da aka buga a jikin abin ba. Ka duba ko an rubuta cewa na kwaikwayo ne. A ajin da aka sake shiryawa, wasu allunan da littattafan kan zama sababbi da aka yi don a taɓa.

d. Ka kwafe lambar rajista. Ita ce 'yar lambar da ke ƙasan takardar bayani, ko a jikin abin da ƙaramin rubutu. Tsarin da ya fi yaɗuwa kashi uku ne, misali 1987.12.3: shekarar da abin ya shigo gidan, kyauta ta goma sha biyu a wannan shekarar, abu na uku a cikin kyautar. Kuskuren da sababbi ke yi shi ne su ɗauki 1987 a matsayin shekarar da aka ƙera abin. Ba ita ba ce. Da wannan lamba ma'aikaci zai buɗe rajista ya gaya maka wanda ya kawo abin da inda aka same shi. In ba ita, "wata tukunya a ɗaki na biyu" ba ta kai ka ko'ina. Lambobin da suka yi tarayya a kashi biyun farko daga gida ɗaya suka fito, ko da an warwatsa su a ɗakuna daban-daban, kuma bin su yakan haɗa maka rayuwar mutum guda.

Hotunan aji suna son dubawa ta musamman. Ka nemi allon da yaron tsakiya ke riƙe da shi, a kansa ake rubuta shekara da aji. Ka ƙirga yaran, ka ƙirga mata, ka dubi ƙafafu: nawa ke da takalmi? Ka dubi bangon da ke bayansu ka fita ka nemo shi. In taga ko ƙofar da ke hoton babu ita yanzu, ka sami abin da za ka gyara zanenka da shi.

Ka kuma tambayi kanka wa aka bari a waje. Kayan gidan tarihin gari kyauta ce, kuma masu hali ne suka fi ajiye kaya har su ba da. Tufafin biki sun fi na aiki tsira, domin na aiki an sa su har sun ƙare.

8. Ɗaukar hoto

Ka kashe fitilar kyamara tun a ƙofa, ka tabbatar ba a kan "kunna da kanta" take ba. A jikin gilashi farin tabo kawai take bari, tana kuma damun sauran baƙi. Don kauce wa ƙyalli, ka matso da waya dab da gilashin ba tare da ta taɓa shi ba, ko ka tsaya a karkace yadda taga ba za ta kasance a bayanka ba. A ɗaki mai duhu ka manna gwiwoyin hannu a jikinka, ka riƙe numfashi, ka ɗauka sau biyu.

Ƙa'ida ɗaya ce ke raba hoto mai amfani da tarkace: abin, sannan takardar bayaninsa, nan take, kullum a wannan jeri. Da shiga sabon ɗaki kuma ka ɗauki ƙofarsa, ta zama maka alamar rabuwa. In an hana hoto, zane da lambar rajista sun isa, kuma kana iya neman gidan ya aiko maka da nasa hoton. Izinin ɗauka don kanka ba izinin bugawa a littafi ko sayarwa ba ne. Wannan sai a rubuce. Yaran mutane kuma ba a ɗaukar su sai da yardar iyaye ko malaminsu.

9. Abin da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa

Ba a taɓa komai sai an ce a taɓa, har da abin da ba ya cikin gilashi. Gumi yana ɗauke da gishiri da maiƙo, kuma shacin yatsa a kan ƙarfe mai sheƙi yana iya cinye shi ya zauna. Ba a zama a tsohon benci sai wanda aka ware don haka. Hanin nan kariya ce gare ka ma: dabbobin da aka cusa aka busar a da, da sinadarin arsenik mai guba ake adana da yawansu, tsofaffin kwalaben magani wasu da sauran abin a ciki, abin rufe fuska na yaƙin duniya na biyu yana iya ƙunsar asbestos, wani sinadari mai cutar huhu, a matatarsa, don haka ba a gwada shi, fentin da ke ɓarewa a tsohon bango kuma yana iya zama mai dalma, a kula kada yaro ya kai shi baki.

In ka ga garin itace sabo a ƙarƙashin wani abu, ko hanyar gara a bango, ko ɗigon ruwa daga rufi, ka gaya wa ma'aikaci a hankali. Ƙwari ne ke ci, kuma mai ido biyu ba ya ganin ɗaki goma kullum.

10. Rajistoci da ɗakin ajiya

Abin da aka jera a fili kaɗan ne daga abin da gidan ya mallaka. Sauran yana ɗakin ajiya, wanda galibi tsohon ofishin shugaban makaranta ne ko sito. Mai neman kakansa ko tarihin unguwa ya tambayi waɗannan: rajistar shiga, mai ɗauke da sunan yaro, ranar haihuwa ko shekarunsa, sunan uba ko mai riƙo, ranar shiga, ranar fita da dalilinta, rajistar kiran suna, da littafin da shugaban makaranta ke rubuta abin da ya faru, kamar zuwan mai duba makarantu, annobar da ta sa aka rufe, ko makon da yara suka ƙi zuwa saboda girbi. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi kowanne daɗin karatu, kuma tarihin garin ne tsagwaronsa.

Ba a cika fito da su nan take ba. Ka nemi a sa maka rana, ka zo da cikakken suna, sauran sunayen da aka san mutumin da su, da shekarun da kake zato, ka ba da tazarar shekara biyar gaba da baya. Malamai kan rubuta suna yadda suka ji shi, don haka ka nemi kowace siffa da zai iya ɗauka. Rajistocin baya-bayan nan ana iya hana ka su saboda mutanen ciki suna raye; wasu wuraren sukan rufe irin waɗannan har shekara 100. In an ce ba sa nan, ka tambayi inda aka kai su, domin sau da yawa suna ma'ajiyar takardun gwamnati ko suna hannun makarantar da ta gaji tsohuwar.

In an ba ka littafin: hannu wankakke busasshe, babu mai kuma babu turare a jikinsa; fensir kaɗai; a buɗe shi a kan matashi, kada a danne shi ya baje, domin ɗaurin bayansa ne ke karyewa; a juya shafi daga kusurwar sama, ba da yawu ba. Safar hannu ta auduga tana sa yatsa ya rasa ji har ya yaga takarda, shi ya sa yanzu aka fi barin ta ga hotuna da ƙarfe. Ka rubuta lambar littafin da shafin duk abin da ka kwafa.

11. In da yara, ko tsoho, ko mai keken guragu

Yara minti 45 ya ishe su. Ka ba kowanne aiki: wannan ya ƙirga ƙofofi, wancan ya nemo abu mafi tsufa. Babba ɗaya ga yara biyar ko shida, kuma ƙungiya ta sanar tun mako guda kafin zuwa. Tsofaffin makarantu da yawa ba su da lif, ƙofofinsu kuma da matakala, don haka a tambaya tun a waya ko akwai mashiga ta gefe da wurin zama. In tsohon da ka zo da shi a nan ya yi karatu, ka nemi izininsa ka kunna rikodar waya tun daga bakin ƙofa, ka bar shi ya yi gaba.

12. Kafin ka fita, da bayan ka koma gida

Ka nuna wa ma'aikacin zanenka ya gyara maka jerin gine-ginen. Ka sa hannu a littafin baƙi. Da yawan sunayen da ke ciki ƙananan gidaje ke neman tallafi. In suna sayar da ɗan littafin tarihin garin ka saya, don irinsa ba a cika samun sa a wani wuri ba. In ka ga kuskure a wani bayani, kada ka yi gardama a tsakiyar ɗaki; ka rubuto musu da lambar abin da hujjarka.

A daren ranar, ba washegari ba, ka zuba hotunan a jaka guda ta cikin waya ko kwamfuta mai sunan wurin da kwanan wata, ka sa wa kowane muhimmin hoto lambar rajistarsa a matsayin suna, ka cike gajerun kalmomin littafinka tun kana gane su. Ka koma shafin farko ka rubuta amsar tambayarka, da sababbin da suka taso.

In ziyarar ta tuna maka da wani tsohon abu a gida da kake son bayarwa, kada ka ɗauko shi ka ajiye musu a tebur, kuma kada ka wanke shi ko ka goge tsatsarsa. Ka fara aika hotonsa tare da bayanin mai shi, inda aka yi amfani da shi da shekarun da aka yi. In sun karɓa, za ku sa hannu a takardar da ta fayyace kyauta ce ko aro, ka riƙe kwafinka, ka nemi a gaya maka lambar da aka ba shi.